Injin Gina Rami Ya Shigo Makiyaya: Waya Zai Kafa Ko Burtali Zai Tsare?

A wannan karo muna so mu yi magana a kan wani ƙarfe wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa sa shi a ido ba, amma sun ga aikinsa. Shi ne injin gina rami da ake ɗaura wa tarakta daga baya. Duk wanda ya dawo daga kudu ko daga arewa ya tarar da turaku a jere, sak kamar an ja zare, a wurin da ya bari fili fetal, to ya sani mai yiwuwa ne aikin wannan ƙarfe ya gani. Ra'ayinmu kuwa ba mu ɓoye shi: kada a bar wannan inji ya gina ko rami guda a cikin makiyaya ko a bakin burtali sai da sanin kwamitin filaye da shugabannin makiyaya, kuma mu ma lokaci ya yi da za mu koyi aiki da shi don amfanin kanmu.

Ga yadda abin yake. Ƙarfe ne dogo, mita guda da 'yan kai, an naɗe shi da wani faifai mai murɗewa tun daga sama har ƙasa, kamar sukurun kafinta, sai dai wannan ƙato ne, kuma a bakinsa akwai haƙora masu cin ƙasa. Ana rataya shi a hannuwan nan uku na bayan tarakta, inda ake rataya garma. Ƙarfin juyawa daga injin tarakta yake fitowa, ta wani ɗan gajeren ƙarfe da ke bayanta, wanda a yawancin taraktoci yake juyawa sau 540 a minti guda. Sandar da makanikai ke ce wa kardan, wasu su ce farfela, ita ke kai juyin zuwa wani akwatin giya da ke saman ƙarfen, shi kuma ya rage gudun ya ƙara ƙarfi. Direba ya saukar, ƙarfe ya nutse yana tofo ƙasa waje, ya ɗaga, ya matsa gaba. Faɗin ramin ya danganta da bakin da aka ɗaura, akwai na santimita 15, da na 23, da na 30. Zurfin da turken shinge ke so kuwa, tsakanin santimita 60 ne da 90.

To bari mu yi lissafi, domin a cikin lissafin ne maganar take. In mutum zai kewaye fili mai kilomita guda a kowane gefe, watau hekta 100, zai ja waya kilomita huɗu. In ya bar mita uku tsakanin turke da turke, ramin da yake bukata ya haura 1,300. Mu ɗauka ƙato mai ƙarfi da diga da shebur yana gina rami ashirin a yini, in ƙasa ta yi masa kirki. Mutum biyu sai sun fi wata guda suna wannan aiki. Inji kuwa, mu ba shi minti biyu ko uku a kowane rami har da matsawa gaba, zai yi wajen ɗari biyu a yini. Direba da yaronsa sun gama cikin mako guda.

Wani zai ce, ai mai kuɗi yana iya ɗaukar lebura goma sha biyu su gama cikin kwanakin nan. Gaskiya ne. Amma lebura goma sha biyu daga ina zai samo su? Daga ƙauyen da ke kusa. Suna da mata, suna da surukai, suna cin kasuwa. Kafin a gina rami hamsin labari ya kai bakin rijiya, ya kai kunnen arɗo da hakimi, an tashi mutum an tambaya: wa ya ba da wannan wuri, ina takarda? Sau da yawa wannan 'yar tambaya ita ce ta tsai da aiki. Yanzu kuwa mutum biyu ne baƙi daga birni, sun zo da gazuwal ɗinsu da abincinsu, ba su nemi komi wurin kowa ba. Ginar hannu tana ba mu lokaci kuma tana ba mu labari, inji ya ɗauke mana duka biyun. Wannan shi ne abin da ya sa muka ɗauki alƙalami.

Har lokacin da ya fi dacewa da injin ma bai yi mana daɗi ba. A busasshen rairayi ba ya aiki sosai, domin yana ɗagowa ƙasa tana zubowa ta cike ramin. A kan fako da marmara, ko laka da rani ta bushe ta zama dutse, sai ya yi ta juyi a sama yana hayaƙi, saboda hannuwan tarakta ɗagawa suka iya, ba su danna abu ƙasa, nauyin ƙarfen kaɗai ke nutsar da shi. Lokacinsa shi ne ƙarshen damina da farkon kaka, sa'ad da ƙasa ke da danshi. A wannan lokaci kuwa ina muke? Muna arewa, wasunmu har Ingal wajen lasar gishiri. Hurumin kiwo da burtalolin da ke cikin ƙasar noma ba mai tsaronsu. Mu juyo da garke mu tarar an riga an zuba wa turaku siminti.

Wanda bai yi kiwo ba ba zai gane abin da waya take yi ba. Gani yake ai hekta ɗari ko dubu ba komi ba ne a cikin wannan ƙaton daji. Abin da bai sani ba shi ne mai kafa waya ba ya zaɓen tudun da ba ya fid da komi. Kwari yake nema, da fadama, da gefen tabki, da wurin da gamba da ƙarangiya ke daɗewa, watau daidai wurin da dabba ke dogara da shi a watannin bazara sa'ad da ko'ina ya ƙare. In aka rufe mashaya guda, an kashe kiwon duk dajin da ke kewaye da ita, ko da ba a taɓa shi ba. In waya ta gilma a kan hanya, garken da ya kwana biyu bai sha ba sai ya zagaya kilomita goma, kuma a zagayen nan ne yake faɗawa gonar wani, a kai mu gaban hakimi a ci mu tara. Ga kuma raunin da waya mai ƙaya ke yi: ta tsaga hantsar saniya, ta yanke ƙafar raƙumi da dare, ta zane fatar da mai saye zai rage wa kuɗi.

Ruwan sama a ƙasarmu ba ya bin layin turaku. Bana ya sauka a nan ya tsallake can, baɗi ya juya. Dabarar kakanninmu ita ce bin ciyawa inda ta fito. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan da ransu, a tambaye su su wa suka tsira da iri. Masana ma sun auna. A 1983 wasu 'yan ƙasar Holan, Breman da de Wit, bayan binciken da suka yi a Mali, sun nuna cewa kiwon tafiya na Sahel yana fid da nama da nono a kowace hekta fiye da gandayen kiwo masu shinge na Amurka da Ostareliya da ke samun ruwan sama irin namu. Saboda haka in wani ya zo ya ce mana waya ita ce ci gaba, mu tambaye shi ci gaban wa.

Doka kuwa ba ta bar mu a duhu ba. Tun dokar 26 ga Mayu 1961 aka ja iyakar noma ta arewa, wadda a ƙasar Dakoro kowa ya san kwarin Tarka ne alamarta. Tsarin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke ce wa Kofo. Dokar 1997 a kan mazaunin makiyaya ta ba mutanen wuri fifiko a kan kiwo da ruwan wurinsu, amma ba ta ba su ikon hana baƙo ba. Sa'an nan dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ƙungiyoyin makiyaya suka yi shekaru suna fafutukar samunta, ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa tafiya da dabba haƙƙi ne na makiyayi, kuma an hana wani ya mallake filin kiwo na ƙasa shi kaɗai. Duk da haka an ga manyan gandaye masu waya a wajen Abalak da sauran Azawak, har a watan Disamba na 2014 hukumomin ƙoli a Yamai suka ba da umarni a tsai da kafa irin waɗannan gandaye a yankin kiwo, a kuma kwance waɗanda aka kafa ba bisa doka ba. Umarnin ya yi kyau. Amma turken da ya sha siminti ba ya tuge kansa don an sa hannu a takarda. Kafa shi aikin mako guda ne, tuge shi kuwa shari'a ce ta shekaru, da lauya, da zuwa da dawowa, makiyayi kuma ba shi da wanda zai bar wa garke ya zauna a ƙofar alƙali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A bakin rami na farko ya kamata a tsai da magana.

Ba mu ne na farko da waya ta ci wa tuwo a ƙwarya ba. A Amurka wani manomi mai suna Joseph Glidden ya sami rajistar wayarsa mai ƙaya a 1874. Ba a cika shekara goma ba masu kuɗi suka kewaye filaye da mashaya a jihar Tekzas, har da filayen da ba nasu ba. A farin 1883 ƙananan makiyaya suka shiga yanke waya da dare, aka yi ta rikici har da asarar rayuka. Da majalisar jihar ta zauna a 1884, sai ta mai da yanke waya babban laifi mai kai mutum kurkuku, shi kuwa mai kafa waya a filin da ba nasa ba aka bar shi da ƙaramin laifi. A 1885 majalisar ƙasar ta hana kewaye filayen gwamnati, amma kiwon sake bai ƙara komawa yadda yake ba. A nan Afirka, ƙasar Botsuwana ta ja dogayen shingaye tun shekarun 1950 don tsare shanu daga ciwon baki da kofato, saboda kasuwar nama ta Turai, a farin shekarun 1980 kuma namun daji dubbai suka mutu saboda waya ta tare musu hanyar ruwa. Tsarin da ƙasar ta fito da shi a 1975 ya ba masu manyan garkuna gandaye nasu na kansu, da yawansu kuma suka riƙa kiwo a dajin jama'a har ya ƙare, sa'an nan su koma cikin wayarsu su rufe ƙofa. Duk wanda ya san Azawak ya san wannan wayo, ba sai an fassara masa ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne ƙofofin kudu suna ta rufewa. Jihar Binuwai a Nijeriya ta hana kiwon sake a 2017. Jamhuriyar Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare a ƙarshen 2019. Takardar ƙetare iyaka da makiyaya suka saba yanka ta samo asali ne daga yarjejeniyar CEDEAO ta 1998, Nijar kuwa ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Ga rashin kwanciyar hankali da ya hana shiga dazuzzuka da dama. Dabbar da a da take cin rani a waje yanzu a gida take neman abinci, kuma a daidai wannan lokaci ne ake rage mata gidan.

Kada a ce muna gaba da kowane shinge. Mai lambu da ya kewaye albasarsa da rani ya taimake mu, domin ya raba mu da tara da zagi. Makaranta, da maƙabarta, da wurin renon itatuwa duk suna son shinge. Gandayen gwamnati irin na Tukunus a ƙasar Filinge, inda ake tsare irin shanun Azawak, ko na Sayam a jihar Difa da ke riƙe da shanun Kuri, an san dalilin kafa su, an san iyakarsu. Manomi kuma maƙwabcinmu ne, shi ma mai kuɗin da ke kewaye daji ba ya raga masa. Wanda ya tuna abin da ya faru a Toda, a jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, inda aka hallaka mutane fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara, ba zai so a sake hura wuta tsakanin mai sanda da mai hauya ba. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye gaba. Sai dai ko a gona akwai abin lura. Al'ada da doka sun haɗu a kan cewa bayan girbi ana sakin gonaki, gwamnan jiha ya tsai da rana, dabba ta ci kara ta bar taki. Dangar ƙaya da darni ana buɗe su ko su lalace da kansu. Waya da siminti ba su san ranar sakin gonaki ba.

Yanzu bari mu juyo ga 'yan'uwanmu fatake, domin su ma suna karanta wannan shafi, kuma ba ma so mu yi magana a bayan idonsu. Alhazai, wasu daga cikin masu sayen wayar nan daga cikinku suke. Mun san hujjarku: kuna son wurin tara shanu kafin a ɗora a mota, kuna son ciyawar da za ta kai ku bazara sa'ad da farashi ke tashi. Hujja ce, ba mu raina ta ba. In hekta biyu ko uku ne a bayan gari, a filin da kuka saya da takarda, don turka da ajiyar harawa, Allah ya sa albarka, ku kira tarakta ta gina muku. Amma ku tuna bijimin da kuke saye a Abalak ko Dakoro ko Tanut ba a cikin waya aka haife shi ba. Wani talaka ne ya bi uwarsa shekara huɗu a daji da sanda da gora. Ranar da aka rufe masa mashaya ya sayar da garken a araha ya shiga birni gadi, kun ci ribar shekara guda, baɗi kuma wa zai kawo muku kaya kasuwa?

Abin da muke nema ga hukuma ba mai wuya ba ne. Tarakta ba allura ba ce, a kowace gunduma an san masu ita, an san wanda ke da injin gina rami. A kira su a gaya musu cewa duk wanda aka ɗauka aikin shinge a wajen gari sai ya ga takardar Kofo kafin ya saukar da ƙarfe, in kuwa ya gina a cikin makiyaya ko burtali ba takarda, shi da wanda ya sa shi laifinsu guda. Mai tarakta da ya san ana iya tsare masa ita a lokacin noma zai yi tambayar da lebura ke yi a da. Mu kuma namu aikin shi ne kada mu tafi arewa mu bar hurumi ba ido. Kowace ruga da kowane reshe na ƙungiya su bar mutum, ko su ƙulla da wani amintacce a ƙauye. Yau kusan kowa na da salula. Wanda ya ga tarakta da wannan ƙarfe a daji ya ɗauki hoto, ya riƙe rana da sunan wuri, ya kira. Kuma muna roƙon samarinmu, don Allah kada a yanke waya da dare. Abin da ya faru a Tekzas ya isa darasi: ranar da ka yanke, an bar maganar filin da aka ƙwace an koma maganar laifinka.

Saura amfanin da mu za mu ci. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka soma kafa turakun siminti a bakin burtaloli a jihar Maraɗi da taimakon ƙasar Suwizalan, bayan an zauna da manoma da makiyaya da sarakuna an yarda da iyaka. Inda aka yi wannan, gardama ta ragu, domin ko yaro ya san inda gona ta tsaya. Aikin da ya rage yana da yawa, kuma abin da ya sha faruwa shi ne a gama zama a yi fatiha, sa'an nan a yi watanni ana jiran masu gini, damina ta sauka, wani ya shuka a kan layin, a koma farko. A nan saurin injin nan namu ne. Ramin da ke ɗaukar turken waya shi ne ke ɗaukar turken burtali, kuma da yake alamun burtali suna da nisa da juna, tarakta guda za ta ci kilomita masu yawa a yini. Haka wurin yi wa dabbobi allura, da shingen kara a kasuwa, da matakalar ɗora shanu a mota. Reshe guda ba zai iya sayen tarakta ba, amma rassa uku ko huɗu da 'yan kasuwar kara suna iya haɗa kuɗi su sayi ƙarfen kaɗai, su riƙa hayar tarakta bayan an gama noma, lokacin da take zaune ba aiki. A yi turakun da siminti ko ƙarfe, domin icce abincin gara ne, kuma sare shi wata ɓarna ce.

In Allah ya sa aka kai ga haka, akwai gargaɗin da ya zama wajibi, domin wannan ƙarfe yana kisa. Juyi 540 a minti sau tara ke nan a daƙiƙa guda. Sandar kardan da ba ta da murfi tana naɗe wajen mita biyu na tufa a daƙiƙa, watau rawani mai mita huɗu ya ƙare kafin mutum ya ce wayyo. Mu kuwa mutanen babbar riga ne da rawani da layu masu igiya. Kada kowa ya matso sa'ad da yake juyawa, balle yara, waɗanda ba abin da ke jawo su kamar tarakta. In ƙasa ta yi tauri ƙarfe ya ƙi nutsewa, kada wani ya hau ko ya danna da hannu, ta nan aka fi rasa hannu da rai. A zuba ruwa a wurin a dawo gobe, ko a fasa da diga. Direba ya riƙa aiki da ƙaramar wuta, yana ɗagawa a kai a kai don ƙasa ta zube. Irin wanda kardan ke juyawa ba ya komawa baya, saboda haka in ya cije a saiwa sai a kashe tarakta, a cire kardan, a warware shi da hannu da babban sifana. Akwai kuma wani ɗan noti mai taushi da aka sa da gangan don ya karye in ƙarfe ya ci karo da dutse. In ya karye a sa irinsa. Makanikin da ya ce zai sa muku guntun rodi don kada ya ƙara karyewa, akwatin giya zai fasa muku, wanda kuɗinsa ya ninka na notin sau ɗari. Kusa da fanfo ko tashar ruwa kuma a tambayi mai kula da wurin inda bututu ya bi a ƙarƙashin ƙasa kafin a saukar da ƙarfe.